Sista Lauratu Ta Koma Aji

Shekara ashirin da tara Sista Lauratu ta yi tana aiki a ɗakin haihuwa na wani asibitin gwamnati da ke Omdurman. 'Yar yankin Jazira ce. Mahaifinta ya ƙarar da ƙarfinsa a gonakin audugar wasu, ita kuwa ta shigo birni tana 'yar shekara goma sha tara, da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar shiga makarantar jinya ta asibitin. Tun daga lokacin ba ta bar wurin ba. Da sojoji suka karɓi mulki, a kan idonta aka sallami malamarta, Sista Asma'u, da wasiƙa mai layi biyu, wai don maslahar jama'a. Sa'o'inta suka yi ta zarewa zuwa Saudiyya ɗaya bayan ɗaya, suna dawowa hutu da awarwaron zinariya. Ita dai kullum bayan asuba za ta kama hafla, ƙaramar bas ɗin nan ta haya, daga unguwarsu ta Hillat Kuku zuwa tashar Bahri, ta sake wata ta haye gadar Shambat, ta isa kafin bakwai. Idan jijiyar jariri ta ɓuya, ita ake kira. Idan sabon likita ya rikice, sai ya matso gefenta ya tsaya, kamar wani abu dabam ne ya kawo shi.

Wata safiya cikin shekarar 2013 ta tarar da ma'aikata sun yi cirko-cirko gaban allon sanarwa. Ta ciro tabarau ta karanta. Hukumar da ke ba ma'aikatan jinya lasisi ce ta aiko: daga bana, duk wadda za ta sabunta lasisinta sai ta haɗa da shaidar cewa ta yi awa talatin na ƙarin karatu. Wadda ba ta kawo ba, ba za ta taɓa majinyaci ba. Na Lauratu saura wata uku ya ƙare.

Ta mayar da tabarau cikin aljihu, ta shiga ta wanke hannu.

Wajen ƙarfe goma, suna karyawa da ful, wato dafaffen wake, a ɗakin hutu, Fatna ta matso kusa da ita. Fatna abokiyar aikinta ce tun shekara ashirin, ita ma Bahaushiya ce, 'yar unguwar Alshajara. Da Larabci suke aiki kamar kowa, amma idan maganar ba ta kowa ba ce sai su juya harshe.

"Yaya, kin ga takardar nan?" in ji Fatna da Hausa, murya ƙasa-ƙasa. "Kar ta dame ki. Akwai wanda na sani a wurin da ake kwas ɗin. Suna kawai za a ba shi ya sa a takardar halarta. Ranar ƙarshe a kawo mana shaida har nan."

"In ba na wurin wa zai zauna a kujerata?"

"Kujera za ta yi ƙarar ki ne? Haba Yaya. Me yaran nan za su koya miki? Rabinsu ke kika karɓi haihuwarsu."

Maganar ta yi wa Lauratu daɗi, kuma jin daɗin ne ya sa ta tsargu. Sanarwar ta ɓata mata rai, babu shakka. Amma ta tuna Sista Asma'u, wadda ta taɓa yaga takardar wata ɗaliba gaban kowa don ta rubuta zafin jikin majinyaci ba ta auna ba.

"Ni dai zan je," ta ce tana goge hannu. "Ina so in ga abin da za su ce ban sani ba."

Da ta faɗa wa maigidanta da yamma, sai da ya ajiye kofin shayi don dariya. Ɗanjuma tsohon makanike ne, ya yi shekaru a garejin wata masana'anta a Bahri kafin ya ajiye aiki.

"To Ummu Tariq, sai in sayo miki jakar makaranta da fensir. Kuɗin tara fa, nawa ake ba 'yan ajinku?"

"Ka yi dariyarka, Abu Tariq. Ranar Asabar kai za ka dafa abincin rana."

A Khartoum ake kwas ɗin, a wani zaure na bene mai fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Asabar shida, kowace awa biyar. Su ashirin da huɗu ne, kuma Lauratu ta girme su duka. Ta zaɓi kujerar gaba saboda idonta, ta buɗe sabon littafin rubutu. Da malamar ta shigo, sai da ta sake gyara tabarau.

Ni'mat ce. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, siririyar ɗaliba ce da aka kawo ɗakin haihuwa, mai yawan tambaya, wadda hannunta ke rawa idan ta riƙe allura. Lauratu ce ta kama wannan hannu ta saita shi, ta kuma sa ta kuka sau biyu. Yanzu ga ta ta yi digiri biyu, tana riƙe da abin nuni.

Ni'mat na ganinta ta sauko da sauri ta dafa kafaɗarta, suka gaisa irin ta mutanen gari, doguwa.

"Khalti, ai da na san kina cikin jerin nan da ban iya barci ba jiya," ta ce. Tun tana ɗaliba haka take kiranta, wato innata.

"Ki yi aikinki, 'yata. Yau ni ɗaliba ce."

Asabar biyu na farko ba su canza ra'ayin Lauratu ba. Wanke hannu, zubar da allura, yadda ake cika takardar majinyaci. Tana rubutawa dai, don ba ta iya zama hannu sake ba, amma a ranta tana cewa Fatna ba ta yi ƙarya ba. Abu biyu ko uku ne kawai suka zo mata sababbi, su ma ƙanana.

Asabar ta uku Ni'mat ta shigo da jaka. Ta zaro jaririn roba ta kwantar a kan tebur, baƙi, mai nauyin jariri na gaske, da igiyar cibiya a jikinsa. Ta ajiye tawul biyu a gefe, da wata 'yar jakar roba da ake matsawa ta hura iska, mai murfin da ake kifawa a kan hanci da baki.

"Yau darasinmu jaririn da aka haifa bai yi kuka ba," ta ce. "Kafin mu fara, wa za ta nuna mana yadda ake yi a wurin aikinta?"

Duk aka juyo ana kallon Lauratu. Ita ma ba ta jira an roƙe ta ba. Ta miƙe, ta gyara tob ɗinta, dogon mayafin nan na matan garin, ta ɗauki jaririn. Ta kama ƙafafunsa biyu da hannu ɗaya ta ɗaga shi kai ƙasa, ta buga masa tafi biyu a baya, ta kwantar da shi, ta nuna yadda take zura siririn tiyo can cikin maƙogwaro ta zuƙe ruwa, sannan ta nuna yadda ake yayyafa ruwan sanyi a ƙirji. Hannunta na tafiya da kansa, da sauri, babu gargada. Wasu a baya har sun fara tafi.

Ni'mat ba ta tafa ba. Ta tsaya tana kallon agogon hannunta, sannan ta ɗago.

"Khalti, na gode. Haka aka koya miki, haka kika koya mini, ni ma haka na yi shekaru." Ta nuna agogon. "Amma minti biyu da rabi sun wuce, kuma iska ko ɗaya ba ta shiga huhun yaron nan ba. An bincika an gano ɗaga shi kai ƙasa ba ya sa shi numfashi, yana iya yi masa lahani ma. Ruwan sanyi yana ƙwace masa ɗumin jiki. Zuƙar nan mai zurfi kuwa tana iya rage bugun zuciyarsa. Abin da yake nema iska ce, kuma cikin minti ɗaya na farko."

Lauratu ta ji zafi ya taso mata daga wuya zuwa kunne. Amsa ta zo mata har bakin leɓe: yara nawa suka farfaɗo a hannun nan kafin ki san ƙofar asibiti? Ta danne ta. Ta koma kujerarta, ta buɗe littafi, ta ce, "To nuna mana."

Ni'mat ta nuna. A goge shi da tawul sosai ya bushe, a jefar da jiƙaƙƙen, a rufe shi da busasshe. A murza bayansa. Idan ba abin da ya toshe masa hanya, kar a zura komai. Idan bai yi numfashi ba, a yanke cibiya, a ɗan ɗaga haɓarsa kamar mai shaƙar ƙamshi, a kifa murfin ya rufe baki da hanci, a matsa jakar. Ƙirjin roban ya tashi ya sauka, ya tashi ya sauka. Duka ba su kai daƙiƙa sittin ba.

Lauratu ta rubuta komai. Amma a hafla, a hanyar komawa gida, ba ta san lokacin da aka haye kogi ba.

A layinsu na Hillat Kuku, gida uku kafin nasu, akwai gidan Mero mai sayar da kisra, siririyar gurasar dawa. Ranar Mero na zaune a ƙofa tana tankaɗe gari, ta ɗago da fara'a ta ce, "Sista, sannu da dawowa, 'yar makaranta!" Lauratu ta amsa ta wuce da sauri.

Shekara goma sha tara da suka wuce, Mero ta tsallake asibitin da ke kusa da su, ta haye har Omdurman da naƙuda, don kawai Lauratu na can. Namiji ta haifa, cikakke, mai gashi. Bai yi kuka ba. Lauratu ta yi masa duk abin da ta yi wa jaririn roba yau, ta sake yi, ta ƙara yi, har likita ya zo ya dafa ta ya ce ta bari. Ita ta naɗe shi. Ita ta faɗa wa Mero. Mero ta ce Allah ne ya ba ta, shi ya karɓa, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa canza mata fuska ba. Har yau idan ta yi kisra mai kyau sai ta aiko mata.

Bayan magariba suna zaune a tsakar gida, Ɗanjuma ya lura ba ta taɓa abincin ba. Ta faɗa masa duka, tun daga teburin har yaron Mero.

Ya ɗauki kofin shayinsa. Can ya ce, "Kin san abin da ya sa na bar gareji?"

"Ka ce bayanka ne."

"Baya yana ciki. Amma gaskiyar magana, motocin nan masu kwamfuta ne suka fara shigowa. Aka kawo wani yaro da na'ura, yana jona waya ya faɗi ciwon mota, ni da nake gane inji da kunne ina tsaye. Aka ce in zauna ya koya mini. Na ji kunya. Na ce bayana ya ƙi." Ya juya kofin da ke hannunsa. "Shekara shida ke nan ina zaune a tabarmar nan. Da na zauna gaban yaron nan wata biyu, da har yanzu ina da amfani."

Ba ta taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Ta jawo kwanon ta fara ci.

Asabar ta huɗu ta riga kowa zuwa. Ta sami Ni'mat ita kaɗai tana jera kujeru. Ba ta yi kewaye-kewaye ba, ta ba ta labarin yaron, ba ta faɗi sunan uwar ba.

"Ki faɗa mini gaskiya. Da na yi abin da kika nuna, da ya rayu?"

Ni'mat ta ajiye kujerar da ke hannunta. "Ban sani ba, Khalti. Wallahi ban sani ba. Wasu suna tashi, wasu ko an yi komai daidai ba sa tashi. A lokacin akwai jakar nan a ɗakinku?"

"Ko ganinta ban taɓa yi ba sai a ɗakin tiyata, ita ma ta manya."

"To kin yi masa abin da aka sani a lokacin."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ita kaɗai gare ni."

Lauratu ta gyaɗa kai. Ta fi son haka da a lallashe ta.

Ranar aka yi gwaji. Kowace za ta zo gaban jaririn roba, Ni'mat na riƙe da agogo da takarda. Da aka zo kan Lauratu, hannunta ya fara nufar ƙafafun jaririn kafin ta tuna ta janye. Ta goge shi, ta murza baya, ta ɗaga haɓa, ta kifa murfin, ta matsa. Ƙirjin bai motsa ba. Ta sake matsawa, iska na tsiyaya ta gefen kunci da ɗan sauti. Yatsunta na hagu sun daɗe da fara sanƙarewa da safe, ba su iya zagaye murfin su riƙe haɓa a lokaci ɗaya ba. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi.

Ni'mat ta dubi takardar, ta dubi tsohuwar malamarta. Alƙalamin ya tsaya a sama na ɗan lokaci. Sannan ta rubuta, ta ce a hankali, "Ba ki ci ba, Khalti. Za ki sake ranar ƙarshe."

"Daidai ne," in ji Lauratu. "Ki ara mini yaron nan in tafi da shi gida."

Da labarin ya isa asibiti, Fatna ta yi ta faɗa kamar ita aka kayar. "Yarinyar da kika koya wa riƙe allura! Ko kunyar idonki ba ta ji ba? Da kin bi maganata da yanzu takardarki na jaka."

"Da ta sa mini na ci, da na tashi na yaga takardar," in ji Lauratu. "Ƙirjin bai tashi ba, Fatna. Ni ma na gani."

A hanyarta ta komawa da jaririn a ranar gwajin, an tsayar da haflarsu a bakin gada, kamar yadda ake yawan yi a watannin nan. Wani soja ya leƙo ya ce kowa ya buɗe jakarsa. Da ya zo kan Lauratu ya ja zif ɗin da kansa, sai ga 'yan ƙafafu biyu baƙaƙe sun leƙo. Ya yi baya da sauri har hularsa ta bugi ƙofa, yana salati.

"Hajja! Mene ne wannan?"

"Ɗan makarantarmu ne," ta ce, ta zaro shi ta ɗaga. "Na roba ne, ɗana. Numfashi nake koya a kansa."

Motar ta ɗauki dariya. Sojan ya sa yatsa ya taɓa cikin roban, ya yi murmushin kunya, ya ce matarsa ma ta kusa haihuwa. Ya buga jikin motar suka wuce.

Mako biyu, kullum bayan la'asar, tabarmar tsakar gida ta zama ɗakin haihuwa. Ɗanjuma ne mai agogo. Zai ce, "An haihu!" ita kuma ta fara. Kwana ukun farko iska ta ci gaba da tsiyaya. A rana ta huɗu ya durƙusa ya ƙura wa hannunta ido kamar yadda yake kallon inji.

"Kina danne shi da ƙarfi ta gefe ɗaya, shi ya sa ɗaya gefen ke ɗagawa. Roba ba ta son ƙarfi, daidaito take so. Sassauta babban yatsa. Ki bar nauyin hannunki ya sauka ta tsakiya."

Ta gwada. Ƙirjin ya tashi.

"Ka gani!" ta ce da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. "Abu Tariq, ka ga ya tashi?"

"Na gani. Amma daƙiƙa tamanin. Sake."

Ta sake sau ba adadi. Ta koya wa hannunta ya manta hanyar ƙafafu. Ta riƙa jiƙa yatsunta a ruwan ɗumi kafin ta fara. Tana ƙirge a fili, matsa, biyu, uku, matsa, biyu, uku, har ta kai tana yi a ranta ko tana cikin hafla. Ranar Asabar ta ƙarshe ta gama cikin daƙiƙa arba'in da takwas. Ni'mat ta sa hannu a takardar, da aka watse ta rungume ta a bakin matakala. Cikin makon Lauratu ta kai shaidar awa talatin ɗinta ofishin hukumar, ta bi layi tun safe har azahar, aka karɓa aka ce ta dawo bayan wata ɗaya.

Amma ba ta ɗauki aikin ya ƙare ba. Ta tambayi mai kula da sito ko asibitin na da irin jakar nan ta jarirai. Ya buɗe mata kabad: guda huɗu, cikin ledarsu, an kawo su shekara biyu da suka wuce. Mabuɗin yana hannun Metron, shugabar ma'aikatan jinya, wadda ta ce idan aka fitar da su za su ɓace, kuma ita za a tambaya.

"Ki rubuta sunana a kansu," in ji Lauratu. "Idan sun ɓace ni za a tambaya. A kabad ɗin nan ba wanda za su yi wa amfani."

Sai da ta je ofishin sau uku. A na ukun ta zauna ta ce ba za ta tashi ba, ta ciro carbi. Metron ta ba ta biyu.

Washegari, lokacin da masu aikin safe ke karɓar ɗaki daga waɗanda suka kwana, ta ce kowa ya ɗan tsaya. Su goma sha ɗaya ne, da unguwarzoma da nas-nas da ɗalibai. Ta kwantar da jaririn roban a kan tebur, wanda Ni'mat ta ƙara mata aron wata guda.

"Duk wadda ke nan, ni na koya mata abin da ake yi wa yaron da bai yi kuka ba," ta ce. "Na koya muku ku ɗaga shi ta ƙafa, ku buga, ku zuƙe, ku watsa ruwa. Na yi wa wasunku tsawa da ba su yi da sauri ba. Yau na zo in faɗa muku ba daidai na koya muku ba. Ku bar shi daga yau. Ga yadda ake yi."

Ba wadda ta motsa. Ba su taɓa jin babba ta tsaya gaban ƙanana ta faɗi haka ba. Fatna, wadda ke jingine da ƙofa hannu a harɗe, ta sunkuyar da kai. Lauratu ta nuna sau biyu, sannan ta miƙa wa ta kusa da ita jakar. Kowace safiya minti goma, mutum biyu, har kowa ya yi. Wadda ƙirjin bai tashi a hannunta ba, gobe ita ce farko.

Kwana ashirin da wani abu bayan haka, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba, ɗakin ya yi zafi. Lauratu na can ƙarshen ɗaki tana fama da wata mai zubar jini, hannayenta biyu duk a cikin aiki, sai ta ji an kira ta da muryar da ta sani.

"Sista! Ba ta yi kuka ba!"

Layla ce, nas ɗin da ba ta cika shekara da fara aiki ba. Tana riƙe da jaririya shuɗiya, jiki sake. Lauratu ba ta da halin sakin matar da ke gabanta.

"Ba zan iya zuwa ba," ta ce da ƙarfi, ba tare da ta ɗaga hannu ba. "Ke za ki yi. Kin goge ta?"

"Na goge."

"Murza baya. Ta motsa?"

"A'a, Sista."

"Yanke cibiya, kai ta tebur. Ɗaga haɓa. Kifa. Ina jin ki, ƙirga in ji."

Layla ta fara. Matsa, biyu, uku. Matsa, biyu, uku.

"Ƙirjin na tashi?"

"Ba ya tashi!"

"Sassauta babban yatsa. Sake kifawa."

Layla ta sake kifawa. Sannan, "Yana tashi! Sista, yana tashi!"

"To kar ki tsaya. Kar ki kalle ni, ita za ki kalla."

Lauratu ta ci gaba da danna cikin matar da ke hannunta, kunnenta na can wajen ƙirgen. Ta ji uwar jaririyar na kiran sunan Allah. Ta ji Fatna ta shigo da gudu ta tsaya gefen Layla tana faɗin bugun zuciya. Minti ɗaya, biyu, uku. Can sai wani ɗan tari, kamar na mage. Sai kuka, siriri da farko, sannan ya buɗe ya cika ɗakin.

Layla ta zauna a ƙasa inda take, jakar na hannunta, tana kuka ita ma. Lauratu ta gama tsayar da jinin matar da ke hannunta, ta wanke hannu, sannan ta je ta duba jaririyar tun daga kai har ƙafa. Ta ce wa Layla ta tashi ta rubuta lokacin da ta fara da lokacin da yarinyar ta yi numfashi, kafin ta manta.

Da aka buɗe ƙofa ga masu ziyara, kakar jaririyar, wata dattijuwa daga unguwar Umbadda mai suna Kulu, ta zo tana tambayar wace ce Sista Lauratu. Ta kama hannunta da hannu biyu. An faɗa mata, in ji ta, cewa babbar sista ce ta dawo da jikarta, kuma sun yanke shawara ranar suna sunanta za a sa.

"Hajja, ban taɓa yarinyar nan ba sai da ta yi kuka," in ji Lauratu. "Ga wadda ta yi aikin can." Ta nuna Layla, wadda ke can gefe tana naɗe zanen gado.

Kulu ta dubi Layla sama da ƙasa, da alamar ba ta gamsu ba. "Wannan 'yar ƙaramar?"

"Ita fa. Ki je ki kama hannunta, shi ne ya yi."

Dattijuwar ta tafi a hankali, tana jan takalmi. Lauratu ta tsaya ta ga ta isa, ta ga Layla ta saki zanen ta rasa inda za ta sa kanta. Sannan aka turo wata mai naƙuda a keken marasa lafiya tana nishi, mijinta na biye da ita riƙe da jaka, Lauratu ta ce masa ya tsaya a waje, ta ja labule.